KC 85/3 ta ƙi karɓar shiri daga kaset

Jama'a, assalamu alaikum. Ina da tsohuwar kwamfuta KC 85/3, wadda aka ƙera a Mühlhausen ta Jamus ta Gabas a 1986, mai ɗauke da firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) U880, wato kwafin firosesar Z80. Tana tashi lafiya, CAOS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita, na fitowa a talabijin, harshen rubuta manhaja na BASIC ma yana aiki. Matsalar lodi ce, wato shigar da shiri (manhaja) cikinta, wanda take karɓa a matsayin sauti daga kaset. Rediyon kaset ɗina ta mutu, sai nake kunna sautin shirin daga waya ta jakin DIN, wato kafar da ake jona kaset da kwamfutar. Sunan shirin na bayyana, daga nan sai kwamfutar ta tsaya cak. Na ƙara murya, na rage, duk ɗaya. Ƙarfin sautin waya ne bai isa ba, ko kafasitocin cikin kwamfutar (ƙananan na'urorin riƙe caji) ne suka gaji? Don Allah wanda ya taɓa gyara irinta ya taimaka.