Gero ya zama rubutu a kwamfuta, wa zai ci kuɗinsa?

Malamin gona daga Tarna: Salamu alaikum jama'a. Saƙon da ke yawo cewa yanzu dole duk kamfanin da ya ci riba da irin geronmu ya biya Nijar, ba haka yake ba. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu da aka yi a Cali ta Kolombiya a 2024 an kafa asusu, aka ce manyan kamfanonin magani da na iri da na kayan shafa masu amfani da bayanan ƙwayoyin halitta da ke kwamfuta "ya kamata" su zuba kashi 1 cikin ɗari na ribarsu, ko 0.1 na cinikinsu. Ya kamata, ba dole ba. Amurka kuwa ba ta ma cikin yarjejeniyar kare halittun.

Hajiya mai iri a babbar kasuwa: Malam, ni abin da ban gane ba, in ba su ɗauki ko tiya ɗaya ba, me suka sata?

Malamin gona: Hajiya, ba sai sun ɗauka ba. Ana karanta abin da ke cikin ƙwayar, a rubuta shi da haruffa huɗu, A, C, G, T, a zuba a rumbun bayanai na intanet kamar GenBank. Mutum yana zaune a Turai ya gano abin da ke sa gero jure fari, ƙafarsa ba ta taɓa taka Maradi ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, ta rabon riba da ƙasar da aka ɗauko iri, an tsara ta ne kan irin da ake riƙewa a hannu.

Ɗalibi a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: To a rufe kawai! Babu kuɗi, babu bayani.

Malamin gona: Yaro, ka rufe wa wa? Da cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta jagoranci karanta gero a 2017, aka saki sakamakon kyauta, da shi ku ma kuke aikinku. Waken da aka karanta a 2019 na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ne, mai jure ƙuduji. In kowace ƙasa ta sa kwaɗo, mu da ba mu da injin karantawa da yawa mu za mu fara jin jiki.

Ɗalibi: Gaskiya ne Malam, amma kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kakanninmu suka yi ta zaɓen zangarniya shekara bayan shekara.

Baba daga Tibiri: Ku bar ni in sa baki. An ce aƙalla rabin kuɗin na al'ummomin da suka adana irin ne. Madalla. Amma ta wace hanya? Mun sha jin an ce taimako ya sauka Yamai, mu dai ba mu ga ko buhun taki ba.

Hajiya: Baba ya faɗi tawa. Kuma jar akuyarmu fa, ita ma tana cikin lissafin?

Malamin gona: Tana ciki, Hajiya, dabba da tsiro duka. Sai dai wanda ya zuba bayaninta ya rubuta cewa daga Nijar ta fito, abin da ba kowa ke yi ba.