Dattawa uku ne kawai ke magana a taronmu, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar manoman rani a yankin Kura, da ruwan madatsar Tiga muke ban ruwa. Duk Juma'a bayan La'asar mukan shimfiɗa tabarmi mu raba kwanakin ruwa.

Dattawa uku ne ke magana, sauran sai "haka ne, Baba". Matasan da gonakinsu ke can ƙarshen magudana, waɗanda ruwa ke isowa a makare, ba sa buɗe baki. Wani ma surukinsa ne shugaba, ko ido ba ya iya ɗagawa. Da an tashi kuma sai su tare ni a hanya da ƙorafi. Makon jiya na ga tumatirin wani yaro ya yi yaushi, alhali yana zaune a taron bai ce uffan ba. Abin ya tsaya min a rai.

Na gwada kiran suna ɗaya bayan ɗaya, aka ce na ci fuskar manya. Matan da ke da fili kuwa, aike kawai suke yi.

Don Allah, wa ya taɓa warware irin wannan ba tare da ɓata wa dattawa rai ba? Mu raba zaman gida biyu ne, ko yaya?