Ƙaramar motar tsere marar rufi: za ta rayu a titin Legas?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum iyayen gida. Ina so in haɗa mota irin Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fitar a 1957, Caterham ta sayi haƙƙin ƙera ta a 1973: kujera biyu, ba rufi, ba ƙofa, inji a gaba, tayoyin baya ke tuƙawa. Burina kada ta wuce kilo 650, kuma a titi zan hau ta, ba a filin tsere ba. Wane ƙarfe zan saya na shasi, wane inji zan nema a kasuwar kayan mota ta Ladipo, kuma me zan canza a zanen Turawa saboda hanyoyinmu?

Mai Walda Owode: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Shasin irin wannan mota da faif mai kusurwa huɗu ake yin sa, milimita 25 da 25, kauri 1.6, sai na 19 a wuraren tokari. Idan za ka kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin ka tafi da ma'aunin kauri a aljihu, domin faif ɗin da za a ce maka 1.6 ne sau da yawa bai kai ba, irin na ƙofa da taga ne. Kada ka taɓa faif ɗin ruwa mai shafen tutiya, waldarsa ba ta kamawa da kyau, hayaƙinsa kuma cuta ne.

Ƙarfin shasin ba daga kaurin ƙarfe yake zuwa ba, daga tokarin yake zuwa. Duk gurbi mai kusurwa huɗu ka raba shi da faif a karkace ya zama kusurwa uku-uku. Wanda ya bar gurbin gefen inji a buɗe, shasinsa zai riƙa murɗewa a kwana, shokazoba ta kasa aikinta, walda ta fara tsagewa a inda hannuwan taya suka kama.

A yi aikin a kan teburi shimfiɗaɗɗe da aka gwada da lebur. A ɗiɗɗiga walda a ko'ina tukuna, a auna kusurwa zuwa kusurwa, bambanci kada ya wuce milimita 2, sannan a cika waldar ana tsallakawa daga hagu zuwa dama. In aka gama gefe guda tas kafin a koma ɗayan, zafi zai ja shasin ya lanƙwashe. Waldar MIG, mai aiki da waya da iskar gas, za ka nema, ta sanda tana huda ƙarfe mai wannan kauri. Ƙarfen kariya na bayan kai kuwa faif ne zagayayye marar ɗinki, 45 da kauri 2.5, ya ɗara hular kwanonka da milimita 50. A nan ba a rage nauyi.

Bakanike Mushin: Malam ya gama maganar ƙarfe. Inji kuwa, ka manta da na Corolla ko Camry, a kwance suke a gicciye domin tayoyin gaba, haɗa su da giyabos na tuƙin baya wahala ce da kashe kuɗi. Nemi BMW E36 318is, injin M44 mai lita 1.9, doki 140. A mota mai kilo 650 wannan ya haura doki 200 a kowane tan, ya ishe ka har ya ba ka tsoro. Ka saye shi da giyabos ɗinsa mai giya biyar, da difarenshal, da wayoyinsa. Birenbos (kwamfutar inji) da makulli da akwatin EWS (na'urar hana satar mota) dole su fito daga mota guda, in ba haka ba inji zai ƙi tashi ka yi ta zargin famfon mai. Farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa difarenshal na tayoyin baya, za a gajarce ta, a kai a daidaita nauyinta, ko ta riƙa girgiza kujera da zarar ka ɗau gudu.

Abin da ya fi kashe irin motar nan a garin nan zafi ne. Hancinta ƙarami ne, a gosulon Oshodi babu iskar da ke shiga. Sa lagireton alminiyam, fanka mai lantarki a bayansa tana zuƙo iska, ka toshe duk ratar da ke tsakanin lagireto da hanci, in ba haka ba iskar ta gefe za ta bi. A huda bonet ta yadda zafin zai samu mafita.

Sai ruwa. Bakin shan iska ya kasance can sama kusa da bonet. Inji ya zuƙi ruwan Lekki sau ɗaya, ƙarfen fistin ya lanƙwashe, shi ke nan. Birenbos a ɗaure shi bayan dashbod, a huda ƙasan kujeru domin ruwan sama ya zube.

Alhaji Injiniya: Ni tsayi ne ya fi damuna. Motocin nan a Ingila abin da ke tsakanin kwanon baƙin mai da ƙasa bai fi milimita 100 da ɗan wani abu ba. A nan tudun rage gudu na farko zai fasa kwanon. Ka zana 150 da mutum biyu a ciki, ka sa farantin alminiyam mai kauri 5 a ƙarƙashin inji. Amma don Allah kada ka ɗaga ta ta hanyar matse sifirin bayan an gama. Hannuwan taya za su karkace, duk ramin da ka shiga sitiyari ya fizge da kansa. Tun a kan takarda ake sauke mazaunin hannuwan, a jera gaɓoɓin ciki na sitiyari a layi ɗaya da su.

Taya 195/60 a rim 15, iska PSI 18 zuwa 20. Mai faci zai dura maka 35 kamar ta danfo, motar ta riƙa tsalle, birki ya riƙa kulle taya. Ka tsaya a kansa. Sifirin ma mai laushi, mota marar nauyi ba ta danne mai tauri.

Zanen Ingila sitiyarinsa a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka ka juya zanen sitiyari ya dawo hagu. Salansar BMW ta dama take fita, ƙafarka ta tsira daga zafi, sai dai ka auna kada sandar sitiyari ta ci karo da bakin shan iska.

Kafin ka yanka faif ko ɗaya, je ofishin lasisi da na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ka ji abin da za su nema kan lambar shasi, ka adana rasidin inji mai ɗauke da lambarsa. A awon lafiyar mota za a duba birki da fitilu da hayaƙi. Kuma ka ɗora fitilar birki ta uku a saman ƙarfen kariya, ka sa hon mai ƙarfi, domin direban tirela a Apapa ba ya ganin abin da bai kai tsayin tayarsa ba.