Wasan ma'aikatan kotu: wane abinci za a zuba a tire?

Mai Shiri: Assalamu alaikum. A wasan kwaikwayo na barkwanci da muke shiryawa, duk sanda aka ɗage ƙara, magatakarda da masinja da lauyoyi biyu kan kewaye tire ɗaya su huce gajiya. Fitowa uku ce. Me za mu zuba musu?

Inna Mai Girki: Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka manta da tuwo da miyar kuka. Yauƙi zai bi hannu, lomar kuma ta riƙe baki, magana ta ƙi fita. A yi alale ko waina, a yanka ƙanana yadda ɗan wasa zai haɗiye kafin lokacin maganarsa ya zo. Waina goma sha biyu ta ishi mutum huɗu. Yaji kuwa a ajiye shi gefe don ido kawai, in ya sarƙe mutum ɗaya fitowar ta lalace.

Baba Magatakarda: Gaskiyar Inna. Wace kotu ce ma tukuna? In ta majistare ce, lauya kwat yake sawa. Hular gashi da baƙar riga sai a babbar kotu. Ku zaɓi babbar, don abin dariyar yana nan: lauya ya tuɓe hular ya ɗora kan tulin fayil, ya naɗe hannun riga, masinjan da ya gama yi wa tsawa kan sammaci shi ke riƙe masa buta. A bakin tire babu babba babu yaro, kada ku sa wannan a bakin 'yan wasa, ku bari a gani.

Anti Lauya: Baba, a ƙara da farin ƙyallen wuya. Manja na taɓa shi ya tafi, a tanadi uku. Fayil ɗin da mai zai ɓata a cika shi da takardun banza, a ware ɗaya don kowane dare.

Mai Sauti: Makirufon da ake maƙalawa a wuya yana kwaso tauna da haɗiya, a rage wa duk wanda ba shi ke magana ba. Kada su zauna a tabarma, 'yan baya ba za su ga tiren ba. Benci biyu da gajeren tebur, su yi rabin da'ira suna fuskantar jama'a.

Inna Mai Girki: Fura da nono fa kada ta jira ƙarƙashin fitila, zafi zai tsinka ta. A bar ta a kula sai an kusa shiga.

Mai Shiri: Na gode. Waina ke nan, da babbar kotu. Ranar gwaji na gaba da abincin gaske za mu yi.