Wai mu Hausawan Legas ne muka kayar da Tinubu a gidansa?

Laraba, 1 ga Maris 2023

Alhaji Mai Albasa: Salamu alaikum jama'a. Da asubar nan INEC ta ce Bola Tinubu ne ya ci zaɓen shugaban ƙasa, da ƙuri'a 8,794,726. Alhamdu lillahi. Amma akwai abin da ke cina a rai tun ranar Litinin, gara in faɗe shi a nan tunda mu ne mu. Mutumin nan ya faɗi a Legas. Obi 582,454, shi 572,606, tazarar ko dubu goma ba ta kai ba. Atiku ya ɗebi 75,750, Kwankwaso 8,442. Su wa suka jefa waɗannan? Ni dai a ganina namu ne, kuma mu muka kayar da shi a gidansa. Shekarata 41 a garin nan, a nan na aurar da 'ya'yana, da kuɗin kasuwar Mile 12 na sauke farali. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jiya wani Bayarabe da muka shekara ashirin muna ciniki ya tambaye ni wa mutanena suka yi, na rasa bakin ba shi amsa.

Jar Hula: Wa alaikumus salam. Baba, da girmanka, wane lada muka ci? Tun 1 ga Yunin bara aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Mainland da Island. Babur ɗina da ban gama biyan kuɗinsa ba aka ƙwace a kan idona aka jefa a mota, har yau ban ƙara ganinsa ba. Yanzu dako nake yi. Madugu Kwankwaso na zaɓa, ko gobe aka sake shi zan zaɓa. Ƙanena da ya yi karatu a waje, gwamnatin Kwankwaso ce ta tura shi, kuma mu ba 'ya'yan kowa ba ne.

Alhaji Mai Albasa: Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri. Amma Madugunka jiha nawa ya ci? Kano kaɗai. Ka san ba zai kai ba, ka jefa ƙuri'arka a rijiya.

Jar Hula: A Kano ɗin ya samu 997,279, Baba. Jam'iyyar da ya shiga bara-baran nan. Ba rijiya ba ce, shuka ce.

Bakatsine: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ni Waziri Atiku na yi, ba na ɓoyewa. Shekara takwas muna hannun APC, ka je ƙauyukan Batsari da Jibiya ka ga yadda manomi ke tsoron gonarsa. Sai kuma aka zo da canjin kuɗi ana gab da zaɓe, mutum da haƙƙinsa a banki ya kwana da yunwa. A ce in sake danna wa tsintsiya saboda ina zaune a Obalende? Wallahi ba zan iya ba. Jihar Buhari kanta Atiku ne ya cinye ta.

Alhaji Mai Albasa: Canjin kuɗin nan ai shi Tinubun aka so a karya da shi, shi da bakinsa ya koka a Abeokuta. Kuma ni ya fi shafa. Buhunan albasa na zuba wa ido suna tsiro a rumfa, masu sari sun zo ba tsabar kuɗi, a tura ta waya kuɗin ya maƙale a hanya, direban da ya kawo kaya daga Aliero kuma ya ce shi a hannu yake so. Duk da haka ban sauya ba. Ku tuna fa, Atikun naka a 2007 a jam'iyyar AC ya tsaya, wa ya riƙe shi? A 2011 ACN Nuhu Ribadu ta tsayar. Buhari sau uku yana faɗuwa, 2003 da 2007 da 2011, sai da aka yi haɗakar APC a 2013 da mutanen Tinubu sannan ya hau. Sau nawa mutum zai goya ɗan Arewa kafin a ce ya isa a rama masa? Gwamnonin Arewa na APC sun gane haka, shi ya sa suka ce mulki ya koma Kudu. Alkawari kaya ne.

Bakatsine: Gwamnoni ne suka yi alkawarin, ba da ni aka zauna ba.

Malam na Idi-Araba: Salamu alaikum. Na bar ku kun yi nisa saboda ina tare da yara a makarantar allo. Alhaji, maganarka ta rama alheri ban ƙi ta ba, ni ma Tinubu na yi. Amma cewa mu muka kayar da shi, lissafi bai ba da haka ba, kuma magana ce mai haɗari a bakin dattijo kamarka, domin idan ta fita daga cikinmu ta shiga kunnen yaran unguwa, ba a rumfarka za ta tsaya ba.

Dubi zaɓen 2019 a nan Legas. Buhari ya samu 580,825, Atiku 448,015. Wato abin da Tinubu ya samu ranar Asabar kusan shi ne abin da APC ta samu wancan karon, ɗan abin da ya ragu bai kai dubu tara ba. Wanda ya zube shi ne Atiku, daga dubu ɗari huɗu da arba'in da takwas ya dawo dubu saba'in da biyar. Ina mutanensa suka tafi? Obi suka bi, wanda shi ne mataimakin Atikun a 2019. Sai matasa suka ƙaru a kai, waɗanda tun abin da ya faru da masu zanga-zangar EndSARS a Lekki a Oktoban 2020 suke da ciwo a zuci, da Kiristocin da tikitin Musulmi da Musulmi bai yi wa daɗi ba. A cikinsu akwai Yarabawa da yawa. Ikeja, inda shi Tinubun ya jefa ƙuri'arsa, Obi ne ya ci. Hausawa nawa ne a Ikeja? Agege kuwa da Mushin, inda zangunanmu suke, Tinubu ne ya ɗauka.

Kuma dubu saba'in da biyar ɗin Atiku, wa ya ce maka duk Hausawa ne? PDP tana da mutanenta Yarabawa a garin nan tun 1999, da shugabanninsu da ofisoshinsu. Takardar ƙuri'a ba a rubuta ƙabila a jikinta.

Alhaji Mai Albasa: Allah ya gafarta Malam, na ji. To Kosofe fa, inda Mile 12 take? Ojo fa, inda kasuwar Alaba Rago take? Duk Obi ya ci. Da mun fito gaba ɗaya mun yi abu ɗaya, dubu goma wani abu ne a wurinmu?

Jar Hula: Alaba Ragon da aka ba wa'adin kwana 14 su tashi a watan Mayun bara? Su kuma za a ce su fito su yi layi?

Hajiya Mai Tuwo: Ku bari in sa baki, don ni a Agege aka haife ni, a nan aka binne kakata. Yaya Alhaji, ka ce da mun fito gaba ɗaya. Da me za mu fito? Ina da yara tara masu taya ni aiki a shago. Ranar Alhamis kafin zaɓe na ce kowa ya nuna mini katinsa. Biyu ne kawai nasu na Legas. Huɗu nasu na gida ne, Kazaure da Gusau da Funtuwa, uku ba su da shi sam. Masu na gidan ma mutum ɗaya ne ya iya tafiya, sauran ba kuɗin mota, ga wahalar mai ta sa an ninka kuɗin.

Ranar Asabar na je rumfarmu tun ƙarfe takwas. Malaman zaɓe ba su iso ba sai da rana ta ɗaga. Na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta ƙi yatsana saboda lalle, yarinyar ta goge da gefen rigarta ta sake, ta ƙi, sai da ta ɗauki fuskata sannan ta wuce. Ina tsaye ina ƙirga matanmu a layin. Unguwar da in ana biki tabarma ba ta isarmu, ranar ba mu cika benci biyu ba. Maƙwabciyata Inyamura kuwa da kujerarta ta zo da ruwanta a jarka, da 'ya'yanta uku duk da katinsu, ba ta tashi ba sai da aka ƙirga a gabanta ta ɗauki hoton takardar sakamako da wayarta. Ni abin da na gani ke nan. Ba mu kayar da kowa ba, Yaya, ba mu ma je filin ba.

Bakatsine: Gaskiya Hajiya ta taɓo ni. Ni ma katina na Katsina ne, can na je na jefa. Shekarata 16 a Legas ban taɓa dawo da shi nan ba. Ka ga ashe ko cikin 75,750 ɗin ma babu ni.

Hajiya Mai Tuwo: To ka gani. A nan kake biyan kuɗin shago, a nan ake karɓar harajinka, a nan in an tashi rusau kanka za a fara, amma ƙuri'arka tana can tana yi wa wani amfani.

Auta: Kawu, ka yi haƙuri, ban so in yi magana ba amma kada a ɗora wa wasu laifina. Ni Obi na zaɓa. Bara wata takwas muna zaune a gida saboda yajin aikin ASUU, daga Fabrairu har Oktoba. Abokan karatuna a Jami'ar Legas da ke Akoka, Yarabawa da Inyamurai da 'yan Edo, kusan duk can suka yi, kuma ba wanda ya tambaye ni addinina kafin mu tafi tare. Na gaji da ganin fuskokin da tun kafin a haife ni suke takara.

Alhaji Mai Albasa: Auta? Ke da na biya wa kuɗin rajista? Inna lillahi. Mutumin da magoya bayansa ke zagin Arewa dare da rana a Twitter?

Auta: Kawu, masu zagi suna ko'ina. Ni ma da na faɗi zaɓina, 'yan'uwanmu ne suka fara ce mini na bar addini. Na yi kuka ranar, ban gaya maka ba ne kawai. Ban yi don in ɓata maka ba.

Malam na Idi-Araba: Wanda ya fitar da Musulma daga addini saboda ƙuri'a ya ɗauko kayan da ba zai iya saukewa ba, ya tuba tun da wuri. Alhaji, ka sassauta wa yarinya. Haƙƙinta ta yi amfani da shi kamar yadda ka yi da naka.

Ina so in dawo kan tsoron da na ambata. Ina Idi-Araba a Fabrairun 2002. Da rigima ƙarama aka fara, kafin kwana uku gidaje sun ƙone, an rasa rayuka da yawa, mata da yara suka kwana a bariki, sai da sojoji suka shigo. Mile 12 ma kai shaida ne a kan abin da ya faru a Maris ɗin 2016, har aka rufe kasuwa. Kowane karo da magana ake farawa, a ce su wane ne suka yi kaza. Yanzu garin nan ya ɗau zafi, ana ta nuna Inyamurai da yatsa saboda sakamakon nan, ga zaɓen gwamna ranar 11 ga wata. Kada mu da bakinmu mu rubuta sunanmu a cikin masu laifi alhali ba mu yi ba. In abokin cinikinka ya sake tambaya, ka ce masa Arewa maso Yamma ta ba Tinubu ƙuri'a fiye da yankinsa na Yarabawa. Kano kaɗai, da Kwankwaso a tsaye, ta ba shi 517,341. Jigawa da Zamfara da Borno da Neja shi suka yi. Osun kuwa Atiku ta bi.

Alhaji Mai Albasa: Wannan amsar zan riƙe ta, Malam, na gode. Kalmar kayarwa na janye ta. Amma ban janye cewa mun gaza ba. Mai rajista a Legas ya haura miliyan 7, waɗanda suka fito ko miliyan ɗaya da rabi ba su kai ba. A irin wannan fili, jama'ar da ta haɗa kai ko kaɗan ce sai an zo an durƙusa mata. Ranar 11 ina roƙon kowa ya yi Gwamna Sanwo-Olu na APC. Shugaban ƙasa nasu, gwamna nasu, mu zauna lafiya.

Jar Hula: Baba, shi ne fa ya ba da umarnin hana acaɓa.

Bakatsine: Ni ko na so ba ni da katin nan. An rufe rajista da sauyin rumfa tun 31 ga Yulin bara.

Hajiya Mai Tuwo: Yaya, ni ba zan ce a yi wane ko wane ba tukuna. Duk wanda ke son ƙuri'ar Agege, Sanwo-Olu ne ko Jandor ko Rhodes-Vivour, ya zo fadar Sarkin Hausawa da rana tsaka ya faɗi abin da zai yi wa yaran da aka raba da baburansu, da 'yan Alaba Rago, da makarantun unguwa. Ba a aiko mana da atamfa da shinkafa da daddare ba. Mun karɓi wannan shekara da shekaru, ga inda muke.

Malam na Idi-Araba: To a fara da sanin yawanmu. Jibi Juma'a, bayan an sauko, kowane masallaci a samu mutum biyu da littafi su rubuta masu katin Legas, ba a tambayar kowa wa ya zaɓa. Ni zan riƙe Idi-Araba. Hajiya, ɓangaren mata a Agege yana hannunki.

Hajiya Mai Tuwo: Na karɓa. Auta, ki zo ki taya ni rubutu, hannunki ya fi nawa sauri.

Auta: To Hajiya, in Kawu ya yarda.

Alhaji Mai Albasa: Ki je. Mile 12 ni zan yi da kaina. Jar Hula, ka same ni a rumfa gobe bayan azahar, ka zo da takardun babur ɗin.