An Fasa Auren Ƙanwata Saboda Maganar Gado

Yayar Amarya: Jama'a, an fasa auren ƙanwata bayan an kawo lefe, domin gwaggon ango ta ce ciwon damuwa gado ne a gidanmu. Mahaifiyarmu ta daina barci da cin abinci ne tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga Batsari, yayanmu kuma ya daina shiga mutane bayan jarinsa ya karye. Wannan adalci ne?

Ma'aikacin Jinya: Allah ya sa haka ne mafi alheri, 'yar'uwa. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado yana da kaso kusan 37 cikin 100 a haɗarin kamuwa da ciwon damuwa, kuma wanda iyayensa ko 'yan'uwansa na jini suke da ciwon, haɗarinsa yakan ninka sau 2 zuwa 3, amma galibi sai rasuwa ko saki ko asara ta afka wa mutum sannan ya bayyana.

Malamin Islamiyya: Da ka ce gado, ai ka goyi bayan gwaggon ke nan. Gona da gida ake gada, damuwa kuwa jarrabawa ce daga Allah.

Ma'aikacin Jinya: Allah ya gafarta Malam, hawan jini ma jarrabawa ce, amma likita yakan tambaya ko akwai shi a dangi.

Hajiya Daga Daura: Mu a Daura ba a sa rana sai an bincika asali, ku ne kuke bari sai lefe ya shiga gida. In babu gado, me ya sa ake gwajin sikila kafin aure?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Hajiya, sikila ana ganinta a jini, damuwa kuwa babu gwajin jinin da yake nuna ta. Kuma mu Katsinawa ba mu jiran kowa ya koya mana binciken asali.

Hajiya Daga Daura: Yaro, daga Daura tarihinku ya faro.

Yayar Amarya: Ni adalci na tambaya, har yanzu babu wanda ya amsa.

Malamin Islamiyya: A matsayina na shugaban zaure, na rufe muhawara. Yawancinmu mun yarda cewa damuwa jarrabawa ce, mai alƙaluman ma da bakinsa ya ce gadon bai kai rabi ba. Batun Daura da Katsina a kai shi wani zauren.