Tseren Dutsen Kamaru: yaya mutumin Kano zai shirya masa?

Mai gudun asuba:
Assalamu alaikum. Ina son shiga tseren Dutsen Kamaru na Buea, wanda aka saba yi a Fabrairu. Ina gudun kilomita 50 a mako, amma duk a kan kwalta, ga shi ba mu da tudu sai Dala da Goron Dutse. Wata huɗu ya rage. Masana, ta ina zan fara?

Kocin Filato:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da sanin abin da ke gabanka. Ana tashi daga filin wasa na Molyko, a hau har ƙololuwa, sama da mita 4,000, a dawo. Kusan kilomita 38 ne, hawan ya haura mita 3,000, kuma duk abin da ka hau sai ka sauke shi. Zakarun maza kan yi awa huɗu da rabi ko kusa da haka, sabon shiga ya sa ran ninki biyu.

Kowa hawa yake tsoro, alhali gangara ce ke karya mutane. A gangara naman gaban cinya yana riƙe nauyinka yana kuma miƙewa, kamar birki, sai ya yi ƙananan tsagewa. Wanda bai saba ba, kafin ya iso rabin sauka ƙafa ta fara rawa, ya koma sauka a karkace yana dafa dutse. Ciwon kan tsananta bayan kwana ɗaya zuwa uku. Abin daɗin shi ne jiki na saurin koyo: gangara mai ƙarfi sau ɗaya duk kwana goma ta isa. Ka taƙaita taku, ƙafa ta sauka ƙarƙashin ƙugu, kada ka jingina baya kana dukan ƙasa da dunduniya. Ido ya riga ƙafa da taku uku ko huɗu.

Talata ka je Dala da sassafe: hawa na minti biyu sau 6, kana ƙara ɗaya duk mako har 12. Daina lissafin kilomita, koma lissafin mitocin da ka hau da awannin da ka yi a tsaye. Duk mako na huɗu ka rage aikin da kashi ɗaya cikin uku. Ko sau uku ne ka zo Jos, ka yi awa huɗu zuwa biyar a duwatsun Shere. Gangara mai wuya ta ƙarshe ta kasance saura mako biyu.

Ɗan Garwa:
Koci ya yi bayani, amma ni ban ga amfanin gudu kawai a Dala ba. A Dutsen Kamaru, bayan ka fita daga kurmi, tsakanin bukkar hutu ta ɗaya da ta biyu da ke kan hanyar hawa, tudun ya miƙe sosai, har ƙwararru tafiya suke yi, hannu a gwiwa suna tura jiki. Wannan tafiyar ita ma sai an koye ta. Samu bene mai hawa da yawa, ka yi minti 45 kana hawa da sauka da 'yar jaka ta kilo uku.

Sai takalmi. Saman dutsen ƙonannen dutse ne mai kaifi da tsakuwa mai zamewa, na kwalta ba zai riƙe ba. Nemi mai haƙora kamar milimita 5, ya fi ƙafarka da rabin lamba, domin a gangara yatsu na dukan gaba har farce ya mutu. Yanke farce saura kwana uku, kuma kada ranar tsere ta zama ranar farko ta takalmin. Ɗauki rigar tare iska da safar hannu: zafi na raguwa kusan digiri 6 duk mita 1,000, ka bar Molyko da gumi ka tarar da sanyi mai sandarar da yatsu.

Ma'aikaciyar lafiya:
Ɗan'uwa, don Allah kafin komai ka san genotype ɗinka, wato ka yi gwajin sikila. Mai AS na iya samun matsalar saifa a irin wannan tsawo, musamman ga wahala ga ƙishirwa, don haka ya ga likita tukuna. A mita 4,000 iskar da kake shaƙa kusan kashi 60 cikin ɗari ce ta bakin teku, kuma Jos ba ta kai tsawon da za ta saba maka da wannan ba. Ciwon kai da amai gargaɗi ne. In ka fara tangaɗi ko rikicewa, juya ƙasa nan take.

Fara ci tun a awa ta farko, kada ka jira yunwa. Dabino uku duk minti ashirin zai ba ka kusan giram 50 na sukari a awa. Ruwa kamar rabin lita a awa, ɗaya daga cikin gorunanka a zuba ORS, domin ruwa zalla da yawa na tsinka gishirin jini. Gwada duk wannan a Shere, ciki ma sai ya saba. Kada ka sha ibuprofen ko diclofenac don kashe ciwo a hanya, suna wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe.

Kocin Filato:
Na yarda da Ɗan Garwa, a sa benen ranar Alhamis. Ka kuma duba kalanda tun yanzu, azumin 2027 cikin Fabrairu zai kama.